Ƙanwata Ba Ta Yi Ihu Ba

Ni ban nemi kujerar nan ba, dattawan unguwarmu ne suka ɗora mini ita. Shekarun nan ne da gwamnati ta ce aljihunta ya huje, aka zaftare albashi, kafin mu gama salati aka sake zaftarewa. Sai aka fito da sabon salo, wai kowane asibitin gwamnati ya riƙa ci da kansa daga abin da marasa lafiya ke biya, a kuma kafa masa kwamiti da wakilan unguwanni don su sa ido. Akwai wani asibiti a nan Douala da matanmu na unguwannin New Bell da Nylon da yawa ke zuwa haihuwa. Ba zan kama sunansa ba, bai cancanci tawadata ba. Shi ma aka kafa masa nasa kwamitin, aka ce ana son mace ɗaya daga Hausawa. Dattawa suka duba suka ga ni ce ke buga takardu a wani ofishin fiton kaya a Bonanjo, na iya Faransanci, kuma a ganinsu ba ni da surutu. Waɗanda suka san bakina a gida sun sha dariya. Amma dattawan sun fi su gaskiya. A tsakar gida nake da baki, a gaban manyan maza kuwa bebiya ce ni, haka aka rene mu.

Ɗakin taron yana saman bene, jikin ofishin darakta. Nan ne kaɗai na'urar sanyaya ɗaki ke aiki a duk asibitin. A ƙasa, a ɗakin haihuwa, fanka ɗaya ce, ita ma ta mutu tun kafin in shiga kwamiti. Duk zama sai an jera mana lemon kwalba da gasasshen kifi, in an tashi a miƙa wa kowa ambulan, wai kuɗin mota. Daraktan mutum ne mai sanyin murya da alƙalami ruwan zinariya. In ya fara karanta lissafin wata sai ya yi ta zuba da gudu kamar mai sanarwar rasuwa a rediyo, kafin ka kama lamba ɗaya ya juya shafi. Ya ɗago kai ya ce akwai mai magana? Shiru. To a sa hannu.

A zama na huɗu ko na biyar ya kawo abin da ya kira gyaran ɗakin haihuwa. Ungozomomin da ke aikin kwantiragi za a sallame su, asusu ba zai iya ɗaukar su ba, biyu ne za su riƙa tsayawa a kowane lokaci. 'Yan jinya kuma, wato uwa ko yaya ko gwaggo da ke shiga ta zauna kusa da mai naƙuda, daga yau an hana, wai safar hannu da allurai suna ɓacewa, kuma tsofaffi na shigo da jiƙe-jiƙe a ƙarƙashin zane. A takardar nan dai, layi biyu ƙasa, ga kuɗin fentin katanga da sabbin labulen ofis. Da idona na gani. Magana ta taso mini har maƙogwaro, na dubi teburin, maza ne reras da kwat da taye, na haɗiye abata. Da aka ce masu goyon baya, hannuna ya tashi tare da na kowa. Ba wanda ya murɗe mini shi.

Bayan 'yan makonni na gamu da babbar ungozoma a baranda, wadda ma'aikata ke kira Majo saboda muƙaminta. Doguwa ce, idanunta kullum jajaye don gajiya. Na yi mata sannu da aiki. Ta ce mini da Faransanci, "Madam, yanzu da kunne muke aiki. Mu biyu ne, gadaje sun cika har da ƙasa. Wadda ihunta ya fi, ita ce ta kusa, wurinta muke zuwa." Tana faɗa tana dariyar takaici, ni ma na taya ta. Sai da na shiga tasi zuwa gida na tuna ƙanwata na ɗauke da cikin wata bakwai.

Ita ce autarmu. Mahaifiyarmu ta rasu ta bar ta tana rarrafe, Gwaggo, yayar babanmu, ita ta goya ta. Mijinta ɗan kasuwar albasa ne, suna zaune a Nylon, rabin rayuwarsa a PK 14, can bakin gari, yake yi yana tarar manyan motocin albasa. Da yake cikin fari ne, sai aka dawo da ita gida New Bell goyon ciki, ɗakin Gwaggo. 'Yar siririya ce, ƙugunta kamar na yarinya. A wurin awo likita ya rubuta da jan biro a littafin awonta cewa ɗan babba ne, ƙugu ƙarami, a sa mata ido sosai, wataƙila sai an yi aiki. Ni na karanta mata. Tun a makon na je na biya komai, har da kayan tiyata, na ninke rasit na sa a jaka. A lokacin na ɗauka rashin kuɗi ne kaɗai ke kashe mutum a asibitin nan.

Abin da Majo ta faɗa ya hana ni sukuni. Wata Juma'a da yamma na tarar da Gwaggo tana shafa wa Auta man kaɗanya a ƙafa tana yi mata karatun da aka yi wa kowaccenmu.

"In abin ya zo, ki kama bakinki. Uwarku ta haife ku, ko ta ɗakin kusa ba ta taɓa jin muryarta ba. Kada ki je cikin mutanen gari ki ba mu kunya."

Na ce, "Gwaggo, asibiti fa ba ɗakinki ba ne. Can in ba ta yi ihu ba, ba mai duba ta."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ke da kika yi boko, je ki yi ihunki a ofis. Wannan ni na goya ta."

Na so in fahimtar da ita, amma zuciya ta riga hankali, muka yi ta sa-in-sa har aka kira magariba. Abin da na kasa faɗa mata a natse shi ne wannan. A ɗakinta shiru ba ya cutar da kowa, domin akwai ido. Tsohuwa na zaune a gabanki, tana kallon goshinki, tana kallon yadda kike damƙar ƙafar gado, ta san inda aka kai ba sai kin buɗe baki ba. To mun ɗauki shirun mun kai shi inda aka kori idon, kuma har da hannuna aka kore shi. Auta na zaune tsakaninmu tana murmushi tana wasa da bakin zanenta. Da na matsa mata sai ta ce, "Yaya, Allah dai ya raba lafiya." Na san wannan amsar. Ta mutumin da ya riga ya zaɓi gefe ce.

Ranar da abin ya zo Talata ce, ana tsuga ruwan nan na Douala da ba ya jin roƙo. Ashe tun asuba take jin ciwo, ta ɓoye, har shara ta yi. Sai da Gwaggo ta ga ta dafa turmi ta daɗe ba ta motsa ba ta gane. Daga shagon maƙwabci aka buga mini waya ofis. Da hantsi muka isa asibiti, mu uku, zannuwanmu sharkaf.

Majo ce ke aiki da wata 'yar gajeriya. Daga bakin ƙofa kana jin ɗakin, ihu ta ko'ina, wata na kiran uwarta, wata na zagin mijinta. Na miƙa littafin awo na ce, "Majo, ƙanwata ce, ki duba jan rubutun nan." Ta karɓa ta ɗora kan tarin wasu, ta dubi Auta a tsaye tsaf, mayafi a kafaɗa, har da gaisuwa. Ta ce, "Wannan da saura." Kafin in sake magana wata ta kurma ihu daga ciki, ta juya da gudu. Gajeriyar ta ja hannun Auta suka shige.

Na bi bayansu, mai gadi ya tare ƙofa da hannu. Na ciro katin kwamiti na nuna masa. Ya duba, ya yi murmushi, ya nuna mini takardar da aka liƙa a jikin ƙofar. Dokar hana 'yan jinya ce, sunayenmu a jere a ƙasa, nawa na biyun ƙarshe. Ya ce, "Madam, ku kuka sa, ni aikina in tsare." Na zage shi, na zagi hularsa, ko a jikinsa. Gwaggo kuwa ta sami benci ta zauna ta ciro carbi. Duk ihun da ya fito daga ciki sai ta ja tsaki.

Na zagaya bayan ginin ta gefen kwata, ruwa har idon sawu. Tagogin masu gilashi jere-jere ne, wasu sun fashe an toshe da kwali. Na bi ɗaya bayan ɗaya ina leƙe, a ta ƙarshe na gan ta. Gadon lungu aka ba ta, inda ake ajiye waɗanda ba sa gaggawa. Tana kwance ta gefe, ta cusa bakin zane tsakanin haƙora, gumi na bin wuyanta.

Na ce, "Auta, ni ce. Wani ya duba ki?"

Ta girgiza kai.

"Yi ihu. Don girman Allah ki yi ihu, ko sau ɗaya ne."

Ta zare zanen daga baki ta ce, "Yaya, ba komai."

"Da komai. Wallahi in ba ki yi ba, ba za su zo ba."

Ciwon ya sake tasowa. Na ga yatsun ƙafarta sun lanƙwashe, ƙarfen gadon na rawa a hannunta. Da ya sake ta sai ta tambaye ni, "Gwaggo na waje?" Na ce tana nan. Ta mayar da zanen bakinta. A lokacin, da a ce hannuna zai kai gare ta, da na mare ta. Ina son ta kamar raina, amma da na mare ta.

Na ƙwala wa ungozomomin kira ta tagar. Gajeriyar ta waiwayo daga can nesa, hannunta duk jini, ta ce in bar wurin ko ta kira mai gadi, 'yan uwa kullum haka suke, kowa tasa ce za ta mutu. Na haura bene wurin darakta. Sakatariyarsa ta ce yana ganawa da baƙi, in zauna. Na zauna cikin sanyin nan, ruwa na ɗiga daga zanena kan kafet, ina jin dariyarsu ta bayan sabon labule. Da ya fito raka su na sha gabansa na faɗa masa komai, har jan rubutun. Ya saurare ni da kai a karkace, irin na mutumin kirki. Ya ce, "Madam, ai kin fi kowa sanin tsari. Ma'aikatanmu ƙwararru ne. In kina da ƙorafi ki rubuto, gobe ma akwai zama." Ya dafa kafaɗar baƙonsa suka sauka. Ban taɓa tsanar ɗan Adam kamar yadda na tsani bayan kwat ɗin nan ba.

An yi azahar na koma tagar. Ta saki zanen, tana kwance rigingine, leɓɓanta sun yi fari. Da ta gan ni ta yi ɗan murmushi ta ce, "Yaya, ciwon ya lafa." Ni sakarai har na ce alhamdu lillahi. Sai idona ya sauka ƙasan gadon. Jini ne ke ɗiga daga katifar roba, ya taru, ya fara gangarawa wajen bango. Daga baya likita ya gaya mini cewa in mahaifa ta fashe haka ciwon ke ɗaukewa.

Ban yi shawara da kaina ba. Na fizge kwalin da aka toshe tagar da shi, na cusa fuskata, na kurma ihu irin na mai naƙuda, tun daga cikin cikina. Na yi, na sake, na sake. Ban san ina da murya haka ba. Majo ta taho da gudu tana neman gadon da ke wannan ihu, ta iso lungu, ta ga ƙasa. Na ga fuskarta ta sauya. Sai a lokacin aka tono littafin awo daga ƙarƙashin tari.

Daga nan gudu ne. Aka ce rasit, na jefa musu ta taga. Aka ce likitan tiyata, ba ya nan, tun da aka rage albashi da rana yana wani asibitin kuɗi yana neman na cefane. Na tari tasi da kaina cikin ruwa na je na ɗauko shi. Mijinta ya iso daga PK 14 da ƙurar albasa a riga, aka ɗebi jininsa, aka ɗebi nawa. Ana kiran la'asar aka shiga da ita. Da likitan ya fito bai ɓoye mana komai ba. Ɗan namiji ne, ya riga ya rasu a ciki. Mahaifar ta yage yadda ba ta ɗinkuwa, ya cire ta. Uwar kuma, ya ce, sai abin da Allah ya yi, jinin da ta zubar ya yi yawa. Mijin ya karɓi ɗan a naɗe cikin zanen da muka saya na goyo, maza suka tafi da shi maƙabarta kafin duhu.

Washegari ba ta farka ba. Ina zaune a gefen gadonta na tuna yau ne zaman kwamiti. Na tashi da zanen jiya, ko wanka ban yi ba, na haura.

An jera lemo da kifi. Aka kira Majo ta ba da rahoto. Ta karanta daga takarda, ba ta dube ni ba, cewa marar lafiya ta zo a natse, ba ta nuna alamar ciwo ba, ba ta nemi taimako ba. Darakta ya gyaɗa kai ya yi mini ta'aziyya a madadin asibiti, da kalmomi masu kyau ƙwarai. Sannan ya ce abin takaici ne yadda wasu al'adu ke hana aikin lafiya tafiya.

A nan bakin tsakar gida ya biyo ni bene. Na miƙe na ce, al'adarmu ce ta rubuta da jan biro aka ƙi buɗewa? Al'adarmu ce ta kori ungozomomi ta sayi labule? Na ce shi ɓarawo ne mai turare, na ce sauran 'yan cin kifi ne, na ce ni ma ɗaya ce a cikinsu, don ga sunana can a ƙofa. Na ce Allah ya isa tsakanina da kowane hannu da ya tashi a ɗakin nan, har da wannan, na ɗaga nawa. Faransancin ya ƙare mini na koma Hausa, ba mai ji, ban damu ba. Majo ce kaɗai ta tanka. Ta ajiye takardar ta ce, "Mu biyu ne, Madam. Jiya na karɓi haihuwa a gado, na karɓa a ƙasa. Da wane ido zan karanta?" Ita kam na ƙyale ta, ko da yake har yau ban yafe mata ba.

Darakta ya bari na gaji. Sannan ya ce kwamiti ya ji zafin da nake ciki, kuma an ɗauki darasi. Shawararsa ita ce a buga sanarwa a liƙa a ɗakin haihuwa, a gaya wa mata duk mai jin ciwo ta ɗaga murya. Ba za ta ci kuɗi da yawa ba. Ya juyo gare ni da fara'a ya ce, tun da na iya harshen, ko zan taimaka in fassara ta da Hausa? Ma'aji ya turo mini ambulan ɗina ta kan tebur. Na ɗauka na tsoma shi cikin miyar kifin, na ajiye katin kwamiti a kai, na fita. Ina kan matakala na ji ana cewa masu goyon baya.

A rana ta uku da hantsi Auta ta buɗe ido. Ni ina gefen dama, Gwaggo na gefen hagu. Kwana ukun nan ba mu ce wa juna ko sannu ba. Gwaggo ta rame, ta tsufa, carbin ma a cinya yake ba ta ja, amma ban ji tausayinta ba ko kaɗan. Auta ta dubi rufi, ta dubi robar ƙarin jinin da ke hannunta. Ɗayan hannun ya tafi a hankali ya sauka kan cikinta, ya taɓa bandeji, ya tsaya a nan. Kwana uku ina shirya yadda zan gaya mata, ɗan da mahaifar duka, ban sami kalma ɗaya mai amfani ba.

Leɓɓanta suka motsa, na sunkuya.

"Yaya, na ji wani ihu kafin in tafi. Ba ni ba ce ko?"

Na ce, "Ba ke ba ce. Ni ce."

Ta lumshe ido, fuskarta ta saki. Ta ce, "Alhamdu lillahi."

Gwaggo ta kama tafin ƙafarta tana kuka ba sauti, tana sa mata albarka. Na jira tambaya ta biyu. Hannunta na nan kan bandeji, idonta na zagaya ɗakin yana duba gefen gado, yana duba hannuna, yana duba bayan Gwaggo. Amma ɗan fari ne, kuma babba na zaune a wurin, don haka ba ta tambaya ba.